Kuɗin Zoɓo

Tsohuwar kwamfutata in'ina take yi.
In na ɗora mata ganga, ta ɗauka.
In na ƙara kalangu, ta yi nishi, ta ɗauka.
Amma da garayar Baffa Isiyaku ta shigo
sai ta coge, kamar jakin da ya hangi gada,
ta kama gaɓa ɗaya tana tauna,
ta-ta-ta-ta,
har Baffa ya jingine garaya ya ce,
"Ɗan nan, ba ta ruwa."

Nafi'u mai cajin waya ya leƙa cikinta.
Ya ce jiki da sauransa, ƙwaƙwalwar ce ta tsufa.
Ya rubuta min lamba a bayan kwalin ashana,
ya ce ko an rantse min kar in karɓi wata,
kowace tukunya da murfinta.

Sabuwa ta fi ƙarfina.
Na auna ta da akuya, na auna ta da keke,
na auna ta da abin da Inna za ta ce.
Sai zoɓon da na kewaye gonar gero da shi,
wanda tsinkarsa ta rina min yatsu sati uku.
Buhu biyu, ran Alhamis, a Maigatari.
Dillali ya yagi nasa, mota ta yagi nata,
saura na cusa a safa.

A Kano, shagon bai fi faɗin tabarma ba.
Mai kaya ya juye gwangwanin madara a kan tebur,
ƙwaƙwale na hannu suka zubo,
kowace ta gama bautar wani ofis da ban sani ba.
Na taya, ya ce albarka.
Na juya, na kai bakin ƙofa, ya ce kawo.
Gyara ya ba ni: farin mai a ɗan sirinji,
wai ɗigo ɗaya, kamar ƙwayar wake.

Buhu biyu sun shige aljihun gaban riga.
Duk ramin da muka faɗa kafin Gumel
hannuna yana dafe da ƙirji,
har wata tsohuwa ta yi min sannu.

Bayan isha, tocila a baki, na kwance fanka.
Na tarar da saƙar gizo da gawar kyankyaso.
Sannan na ga abin da ban gani a Kano ba:
cikin ƙafafu ɗaruruwa, ɗaya ta tanƙware.
Miyau ya ƙafe min.
Hansai ta ajiye hular da take ɗinki,
ta ce matsa.
Da bakin allura, ba ta ko numfashi,
ta tayar da ita tsaye,
ta ce ladanta katin waya.

Na danna.
Duhu.
Na karanta duk abin da na haddace.
Ashe waya ɗaya na mance ban mayar ba.

Muka jira injin niƙan Tanko ya yi shiru,
muka toshe taga da katifa.
Ganga. Kalangu. Garaya.
Muryar Baffa, amshi bisa amshi,
har hawa goma sha ɗaya,
tana tafe sumul kamar ruwa a kwalbati.
Baffa ya sa abin ji a kunne, ya runtse ido.
Can ya ce, "Tsohon nan ya iya,
amma ya yi gaggawa a baiti na biyu. Mu sake."
Nan batirin sola ya ce ga garinku.

Da safe Inna ta tsaya a ƙofa da muciya.
Ta ce ina kuɗin zoɓo?
Na kunna mata.
Ta saurara har ƙarshe, har tarin Baffa,
har zakaran maƙwabta da ya kutso ba gayya.
Ba ta yi murmushi ba.
Ta ce, "Kalangun ya danne shi. Rage."